Shin Bani Isra'ila da tauhidi suka fara, ko daga baya suka iso gare shi?

Dalibin_Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai wata magana ta masana tarihin Gabas ta Tsakiya da ta tsaya mini a rai, ina so masu sani su warware mini. Suna cewa Bani Isra'ila na dā ba su fara da imanin cewa Allah ɗaya ne tak ba. Wai da farko suna da abin bautarsu na ƙabila mai suna Yahweh, kamar yadda Mowabawa suke da Kemosh, Ammonawa suke da Milkom, kuma ba sa musun cewa na maƙwabta suna nan. A hankali suka koma cewa shi kaɗai ya cancanci su bauta wa. Sai bayan da aka rushe Kudus a shekarar 586 kafin miladiyya, aka kwashe manyansu zuwa Babila, sannan suka fito fili suka ce babu ma wani abin bauta sai shi. To mu abin da muka tashi da shi, Annabi Musa (AS) da tauhidi ya zo. Maganar nan tana da hujja, ko shaci-faɗi ne kawai?

Abu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tauhidi shi ne asali, shirka ce baƙuwa. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa ƙarni goma ne tsakanin Annabi Adamu da Annabi Nuhu, duk a kan gaskiya, sai da aka sassaƙa siffofin bayin Allah irin su Wadda da Suwa'a sannan aka soma bautarsu. Masu waccan magana sun riga sun ƙudurta cewa addini abu ne da ɗan Adam ya ƙirƙira yana gyarawa sannu a hankali, don haka duk abin da suka tono da wannan idon suke kallonsa.

Malam_Kufai:
Malam Abu_Hanan, na fahimci damuwarka, amma bari in ajiye abubuwan da aka tono a gabanmu, kowa ya duba da idonsa.

A hamadar Sina'i akwai wani kufai da ake kira Kuntillet Ajrud, zangon matafiya ne na wajen shekara 800 kafin miladiyya. An haƙa shi a 1975 da 1976. A jikin manyan randunan da aka samu an rubuta addu'a da Ibrananci, mai rubutun yana sa wa abokansa albarka da sunan "Yahweh na Samariya da Asheransa". An sami irin wannan lafazi a bangon wani kabari a Khirbet el-Qom, kusa da Hebron, garin da Larabawa ke kira Al-Khalil. Ashera kuwa sananniya ce. A allunan yumɓu na birnin Ugarit, wanda aka gano a gaɓar tekun Siriya a 1928, ita ce matar El, babban abin bautar Kan'aniyawa, kuma uwar 'ya'yansa saba'in. Masana suna jayayya ko rubutun randar yana nufin ita gunkiyar kanta ne ko itacen da ake kafawa da sunanta kusa da wurin yanka, amma ko wanne ne, an jingina wani abu ga Ubangiji a cikin addu'a.

Sai dutsen Mesha, sarkin Mowab, wanda aka gano a Dhiban ta ƙasar Jodan a 1868, yanzu yana gidan tarihi na Louvre a Faransa. Na wajen 840 kafin miladiyya ne. Mesha ya rubuta cewa Omri sarkin Isra'ila ya danne Mowab ne saboda Kemosh ya yi fushi da ƙasarsa, da ya huce sai ya ba su nasara, har ya kwaso kayan Yahweh ya ja su gaban Kemosh. Ka ga yadda mutanen yankin suke tunani a lokacin: kowace al'umma da nata, yaƙin sarakuna kuma yaƙin ababen bautarsu ne.

Abu_Hanan:
Duk abin da ka lissafa shirkar mutane ce, kuma Alƙur'ani ya riga ka faɗa. Suna tsallake teku suka ga masu gumaka suka ce wa Annabi Musa ya sanya musu abin bauta kamar yadda waɗancan suke da su, yana cikin Suratul A'araf. Ɗan maraƙin Samiri yana cikin Ɗaha. A Suratus Saffat Annabi Ilyasu yana tambayar mutanensa, Ba'al za ku riƙa kira ku bar mafi kyawun masu halitta? Randa ta nuna abin da mai randa ya yi, ba ta nuna abin da annabi ya koyar ba.

Yakubu_Tudun_Wada:
Salama gare ku. Ni Kirista ne, kuma a nan ina tare da Malam Abu_Hanan. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye komai ba. Ku buɗe 2 Sarakuna sura 23, za ku ga Sarki Yosiya ya fitar da gunkin Ashera daga cikin Haikalin Urushalima, wato Kudus, kansa, ya ƙone shi a kwarin Kidron, ya rushe ɗakunan da mata suke yi mata saƙa, ya kawar da dawakan da sarakunan Yahuza suka keɓe wa rana. Kafin shi Hezekiya ya farfasa macijin tagulla da Musa ya yi, domin mutane suna ƙona masa turare. Yerobowam, sarkin masarautar Isra'ila ta arewa, ya kafa maruƙan zinariya a Betel da Dan. Annabawa da wannan suka yi ta fama tun daga Iliya a Dutsen Karmel har Irmiya. Masu haƙa ƙasa sun tabbatar da ƙorafin annabawa ne kawai.

Dan_Gwandu:
Tambaya ta: ya halatta ma mu riƙa tattauna abin da ke cikin littattafansu haka?

Ustaz_Na_Zaure:
Ya halatta, Ɗan_Gwandu. A Bukhari akwai hadisin da ya ce ku ba da labari daga Bani Isra'ila babu laifi, akwai kuma wanda ya ce kada ku gaskata ma'abota littafi kada kuma ku ƙaryata su. Malaman tafsiri sun kasa irin waɗannan labarai uku: wanda ya dace da namu, wanda ya saɓa, da wanda aka yi shiru a kansa. A ci gaba, a dai kiyaye harshe a kan annabawa.

Malam_Kufai:
Malam Yakubu, gaskiya ne littafin ya yi tir da waɗannan ayyuka. Inda masana suka tsaya shi ne wasu ayoyi da ba tir suke yi ba, magana suke yi da bakin masu imani. A Fitowa 15:11 waƙar tana cewa wane ne kamarka a cikin alloli. A Mahukunta 11:24 Yefta, jagoran Isra'ila, yana gaya wa abokin gaba ya riƙe abin da Kemosh ya ba shi, su ma za su riƙe abin da Ubangiji ya ba su. Zabura 82 ta nuna Allah tsaye a majalisa yana hukunta alloli, yana ce musu za su mutu kamar mutane. Mafi ƙarfi a wurina ita ce Maimaitawar Shari'a 32:8-9. A kwafin Ibrananci da aka saba da shi an ce Maɗaukaki ya raba al'ummai bisa yawan 'ya'yan Isra'ila. Amma a wani guntun fata da aka samu a kogunan duwatsun Qumran kusa da Tekun Gishiri, wanda ya girmi wancan kwafi da kusan shekara dubu, an rubuta bisa yawan 'ya'yan Allah, sannan aka ce rabon Yahweh shi ne Yakubu. Tsohuwar fassarar Girkanci ta goyi bayan na Qumran. Ka haɗa wannan da 'ya'yan El saba'in na Ugarit da al'ummai saba'in na Farawa sura 10, za ka ga dalilin da ya sa suke cewa akwai wani mataki na tsakiya: mutum yana bauta wa ɗaya tak, bai yarda ya durƙusa wa wani ba, amma bai kai ga cewa sauran babu su ba.

Yakubu_Tudun_Wada:
Mala'iku ake nufi da wannan majalisa, haka Yahudawa da Kiristoci suka fahimta tun dā. Yefta kuwa jayayya yake yi da arne da harshen da arnen zai gane. Kuma Maimaitawar Shari'a 4:35 ta ce Ubangiji shi ne Allah, banda shi babu wani. Littafi ɗaya ne da wanda ka kawo.

Malam_Kufai:
Haka ne, ayar tana nan. Su kuma sai su ce maka sura ta 4 ta fi waƙar sura ta 32 ƙuruciya, an rubuta ta ne a zamanin Babila. A nan ne jayayyar take komawa kan wace aya ta riga wace, kuma kowane ɓangare yana da malamai. Julius Wellhausen, Bajamushe, shi ya shahara da ra'ayin matakai tun 1878. Yehezkel Kaufmann, malamin Yahudawa a Kudus, ya ƙare rayuwarsa yana kare cewa tauhidin Isra'ila tsoho ne tun Musa, gumakan da ake gani kuwa camfin talakawa ne da siyasar fada.

Uwar_Sadiya:
Ni abin da ya fi taɓa ni a wannan tarihi mata ne. An tono ɗaruruwan 'yan mutum-mutumin yumɓu a gidajen Yahuza, da yawa a Kudus kanta, siffar mace ce ta tallabe ƙirjinta da hannu biyu, tsawonsu bai wuce tafin hannu da kaɗan ba. A cikin gidaje aka same su, inda ake girki da reno. Duk macen da ta taɓa zama da jariri mai zazzaɓi cikin dare ta san halin da zai sa a nemi taimako ko'ina. Ba ina ba su uzuri ba ne, shirka shirka ce. Amma ku karanta Irmiya sura 44, bayan an ci Kudus wasu sun gudu Masar, annabi yana yi musu faɗa, matan suka amsa masa cewa lokacin da suke ƙona wa Sarauniyar Sama turare suna toya mata waina suna cikin ƙoshi, tun da suka daina takobi da yunwa suke cin su, kuma da sanin mazajensu suke yi. Wato masifa ɗaya ta faɗo, kashi ɗaya suka ce don mun yi shirka ne, ɗaya kashin suka ce don mun bar ta ne.

Dalibin_Tarihi:
Hajiya, wannan batu naki shi ne ainihin abin da nake son ganewa. Me ya sa fassarar kashi na farko ce ta rayu?

Bakano_a_Omdurman:
Kafin a amsa masa, bari in ƙara wani abu daga nan Sudan. A arewa, a yankin Nuba, akwai haikalin Soleb da Fir'auna Amenhotep na Uku ya gina a ƙarni na 14 kafin miladiyya. A gindin ginshiƙansa an zana sunayen al'ummomin da Masar ke iƙirarin ta mallaka, a ciki akwai makiyayan Shasu na wani wuri mai suna Yahu. Masana da yawa suna ganin wannan ne ambato mafi tsufa na sunan. Ana danganta wurin da kudu, wajen Edom da Madyana, kuma mun san a Madyana Annabi Musa ya yi kiwo ya yi aure. Sunan Isra'ila kuwa ya fara bayyana ne a dutsen Fir'auna Merneptah, wajen 1208 kafin miladiyya, yana gidan tarihi na Alƙahira.

Matashi_227:
Ni na ji an ce daga Akhenaten suka kwafa, Fir'aunan da ya ce rana kaɗai za a bauta wa.

Malam_Kufai:
Wannan magana ta yaɗu tun da Sigmund Freud ya yi ta a 1939, amma masana tarihi kaɗan ne suka karɓe ta. Akhenaten ya yi mulki wajen 1350 kafin miladiyya, addininsa na Aten bai wuce fada ba, yana mutuwa aka koma wa tsofaffin gumaka a zamanin Tutankhamun, aka yi watsi da birninsa na Amarna, aka kankare sunansa daga jerin sarakuna. Babu wata igiya da aka gano da ta haɗa shi da annabawan Isra'ila.

Dalibin_Tarihi, ga yadda suke amsa tambayarka. A 722 kafin miladiyya Assuriya ta cinye masarautar arewa, Samariya. A 701 Sennakerib sarkin Assuriya ya ragargaza garuruwan Yahuza, masarautar kudu, ya ci Lakish, amma Kudus ta tsira, sai darajar Haikalinta ta ƙaru. A 622 aka ce an tsinci littafin shari'a a Haikali, Yosiya ya rushe sauran wuraren yanka ya tattara ibada wuri ɗaya. Sai ga shi an kashe shi a Magiddo a 609, bayan shekara ashirin da 'yan kai Nebukadnesar, wanda littattafanmu ke kira Bukhtanassar, ya ƙone Haikalin. A al'adar yankin ma'anar wannan a fili take: Marduk na Babila ya fi ƙarfin naku, ku bi shi. Mowabawa da Ammonawa haka suka narke, yau babu mai kiran Kemosh. Waɗanda aka kai Babila suka ƙi wannan lissafi. Suka ce Ubangijinmu ne ya turo Babila ta hore mu, ke nan shi ke juya Babila, ke nan Marduk ba kowa ba ne. Ka karanta Ishaya 44, inda ake kwatanta mutumin da ya sare itace, ya hura wuta da rabi ya gasa nama ya ji ɗumi, ragowar ya sassaƙa ya faɗi gabansa yana cewa cece ni. A sura 45 an ambaci Sairus sarkin Farisa, wanda ya ci Babila a 539, a matsayin wanda Ubangiji ya zaɓa ko da shi bai san Ubangijin ba, kuma ana ta maimaita ni ne Ubangiji babu wani. Ga mutanen da ba su da ƙasa, ba sarki, ba wurin yanka, abin da ya rage musu shi ne littafi da Asabar da kaciya da wannan kalma.

Yakubu_Tudun_Wada:
Mu a wurinmu Ishaya ɗaya ne, na zamanin Hezekiya, kuma ambaton Sairus annabci ne. Masu raba littafin biyu, suna cewa waɗannan surori a zamanin Babila aka rubuta su, sun raba ne domin ba su yarda annabi zai iya faɗin abin da bai zo ba.

Sarkin_Yakin_Arewa:
Duk wannan dogon Turanci a kan mutanen da ke kashe 'yan'uwanmu a Gaza? Me za mu ƙaru da shi?

Admin_Zaure:
Sarkin_Yaki, zafin Gaza yana ran kowa a nan, kuma akwai zaren da aka buɗe masa. Wannan tarihin shekara dubu biyu da ɗari biyar ne zuwa dubu uku, tarihin annabawan da muke ambata kullum. Ba a zagin wata al'umma ko wani addini a zauren nan. A koma kan batu.

Baba_Mai_Goro:
Yarana, ku dubi gida mana. Musulunci ya shiga fadar Kano tun zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, da zuwan Wangarawa. Amma tarihin Kano ya nuna har zamanin Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, ana yanka wa Dirki shanu, alhali Alƙur'ani ne aka naɗe da fatu. Bori bai fasa ba. Shehu Usmanu a kan wannan gauraye ya yi ta wa'azi kafin 1804. Wanda zai haƙa Kano bayan shekara dubu ya tono layu da kayan tsafi, in ya ce Kanawa ba su san tauhidi ba sai zuwan Shehu, ya yi daidai? Ƙarni huɗu da ɗoriya ana sallah ana gauraye.

Abu_Hanan:
Allah ya ƙara girma, Baba. Abin da nake ta faɗa ke nan.

Malama_Damagaram:
Baba, misalinka ya zauna, amma akwai wuri ɗaya da ya bambanta. A batun Kano muna da Alƙur'ani da littattafan fiƙihu da aka san sun girmi Yaji da ɗaruruwan shekaru, ga su a Masar da Maroko, don haka ba wanda zai yi musun cewa koyarwar ta riga gaurayen. A ɓangaren Bani Isra'ila, kwafin Attaura mafi tsufa da ke hannu na Qumran ne, daga ƙarni na 3 kafin miladiyya zuwa sama. Abin da ya girme su shi ne 'yan layun azurfa biyu da aka tono a Ketef Hinnom a Kudus a 1979, na wajen shekara 600 kafin miladiyya, ɗauke da addu'ar albarka ta Littafin Ƙidaya sura 6. Tsakanin wannan da zamanin da ake sa Annabi Musa akwai ƙarnoni masu yawa da babu takarda. Mai imani yana cike wannan giɓi da wahayi, kuma ni ina cikinsu. Masanin tarihi kuwa aikinsa ya tsaya inda shaidar hannu ta tsaya. Tambayoyi biyu ne muke ta cakuɗawa tun safe: me aka saukar, da kuma me jama'a suka riƙe a kowane zamani.

Ustaz_Na_Zaure:
Malama ta yi adalci. Sai dai a ƙara da cewa mu Musulmi ba mu ɗauki Attaurar da ke hannu a matsayin wadda ta tsira daga canji ba, don haka ayar da ta yi kama da yarda da wasu alloli ba hujja ba ce a kan Annabi Musa.

Malam_Kufai:
Akwai kuma shaidar da ke taimakon ɓangaren su Malam Abu_Hanan, kada a ce na ɓoye. An tattara sunayen mutane daga hatimai da guntayen tukwane na Isra'ila da Yahuza kafin zuwa Babila, mafi yawansu da nisa sunan Yahweh suke ɗauke da shi, masu Ba'al kaɗan ne, galibi a Samariya. Iyaye ba sa raɗa wa ɗa sunan abin da ba su girmama ba. Ke nan tun kafin Babila shi ne a gaba nesa ba kusa ba.

A ɗaya hannun, Babila ma ba ta gama aikin dare ɗaya ba. A tsibirin Elefantin da ke kogin Nilu daura da Aswan, akwai sojojin haya Yahudawa a ƙarni na 5 kafin miladiyya, da haikalinsu na Yahu. Takardunsu sun nuna suna tara kuɗi don Yahu tare da Anat-Betel da Eshem-Betel. Da aka rushe musu haikalin a 410, sai suka rubuta wa gwamnan Yahuza a 407 suna neman goyon baya su sake ginawa, ba tare da jin sun yi wani laifi ba. Wannan fa bayan an gama gina Haikali na biyu a Kudus da shekara ɗari. Zuwa 167, lokacin da Antiyokus na Huɗu, sarkin Girkawa na Siriya, ya ƙazantar da Haikalin, an kai inda mutane ke zaɓar mutuwa a kan su yi yanka ga gunki.

Matashi_227:
To Majusawan Farisa fa? Ba su da hannu? Shekara ɗari biyu suna mulkinsu.

Malama_Damagaram:
An fi ganin tasirinsu a batun mala'iku da Shaiɗan da tashin ƙiyama, shi ma ana jayayya a kai. A kan kaɗaita Allah kuwa, Ishaya 45:7 cewa take yi shi ne mai yin haske da duhu, wanda ya fi kama da raddi ga masu raba duniya tsakanin ƙarfi biyu.

Dalibin_Tarihi:
Na gode ƙwarai. Amma ga wani abu da ya taso mini yanzu. Samariyawa fa? Har yau suna nan, ba su kai dubu ba, a Dutsen Gerizim kusa da Nablus da kuma Holon kusa da Tel Aviv. Su ba a kai kakanninsu Babila ba, ba su yarda da littafin Ishaya ba, littattafan Musa biyar kawai suka riƙe, kuma masu kaɗaita Allah ne sosai. In a Babila aka ƙera abin, su daga ina suka samo?

Abu_Hanan:
Daga inda aka samo shi tun farko, wurin Annabi Musa.

Malam_Kufai:
Tambaya ce mai nauyi. Amsar da masu ra'ayin matakai suke bayarwa ita ce rabuwar ba ta yi tsauri da wuri ba. Wurin ibadar Gerizim an gina shi ne a zamanin Farisa, ƙarni na 5, kuma a lokacin gidajen limaman Kudus da manyan Samariya har auratayya suke yi, Nehemiya 13:28 ta ambaci jikan babban firist da ya auri 'yar Sanballat, gwamnan Samariya. Attaura ɗaya suka karɓa tare, gabar ta zo daga baya, ta kai ƙarshe da Yohanna Hirkanus, shugaban Yahudawa, ya rushe haikalin Gerizim wajen 110 kafin miladiyya. Amma Yusha'u, wato Hosiya, wanda ya fi kowa zafi a kan Ba'al da maruƙan Betel a ƙarni na 8, annabin arewa ne, Iliya ma haka. Masu cewa jijiyar ta girmi Babila suna da abin riƙewa a nan.

Uwar_Sadiya:
Malam_Kufai, in ka samu lokaci ka kawo mana bayanin ƙaramin haikalin da aka tono a Arad ta kudancin Yahuza, wanda aka ce an binne wuraren ƙona turarensa a kwance da gangan. Ina son sanin ko a zamanin Hezekiya aka rufe shi ko na Yosiya, domin na ga ana faɗin duka biyun.